Na'ura Talatin da Labule Ɗaya

Ga abin da na kusa rasawa a shekarar da nake kira baƙar shekara: kwamfutar hannu talatin da na je Legas da ƙafata na zaɓo, kwangilar ƙananan asibitoci takwas tsakanin Keffi da Garaku da Panda, da sunan da na yi shekara goma sha huɗu ina ginawa a kasuwa, wanda ba a taɓa cewa Hajiya Asabe ta sayar wa mutum jabun kaya ba. Na'urorin ba su dame ni sosai ba. Sunan ne ya tashe ni tsaye.

Na fara da wannan ne saboda ku matasa da ke zuwa ofishina a Tudun Ƙofa da takardun digiri cikin leda, kuna neman in ɗauke ku aikin binciken yadda mutane ke amfani da na'urorin asibiti. In na tambaye ku yadda kuka ɗauki aikin, sai ku ce ai tambayoyi ne kawai: a je a tambayi nas ko manhajar ta yi mata, a rubuta amsa, a dawo. Wata har ta ce min ta ji ba a shiga rana. To, ku zauna ku ji yadda na shige shi.

Ni ban zo ta ƙofar jami'a ba. Katin waya na fara sayarwa ƙarƙashin lema a bakin tasha, daga nan na koma wayoyin hannu na gwanjo, har na kama shago. Makiyaya su ne manyan masu sayen kayana, domin ina ajiye musu waya mai riƙe caji, kuma a wurinsu na tsinci ɗan Fulatancin da nake yi. Da wata ƙungiya mai zaman kanta, wadda ofishinta ke Abuja, ta so sa wa asibitocinta kwamfutar hannu don rubuta rigakafin yara, ni ta ba odar. Na kawo, injiniyansu ya zuba manhajarsa a ciki, aka yi wa nas-nas horon kwana biyu a otal da shinkafa da kaza, aka ɗau hoto, aka watse.

Wata biyar bayan haka manajan ƙungiyar ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Hajiya, kayanki ba sa aiki. Rabin asibitocin sun daina turo bayanai, waɗanda ke turowa kuma shirme suke turowa. Ko dai na'urorin ne, ko nas-nas ɗin ne. Mu dai manhajarmu an gwada ta."

"A ina aka gwada ta, Oga?"

"A nan ofis."

Ya ce in ba a gano matsalar ba kafin ƙarshen zangon, za su tattaro na'urorin su dawo min da su, su rubuta a rahotonsu cewa dillaliyar ta kawo kaya marasa inganci. Irin wannan rahoto hannu-hannu yake yawo a ofisoshin Abuja. Da ya fita, ba mai sake sayen ko cajar waya a wurina da sunan ƙungiya.

Aikin farko da na yi shi ne irin wanda ku za ku yi. Na ɗau mota na zagaya asibitocin takwas. Na gwada batir, na gwada fuska, na gwada sabis, na duba solar da ke cajin su. Lafiya ƙalau. A asibitin da ke kan hanyar Garaku na tarar da Sista Naomi, nas ce da ta kusa shekara ashirin tana allura a wannan yanki. Na ce, "Sista, na'urar tana aiki?" Ta ce, "Tana aiki, Hajiya, mun gode." Na ce ba matsala? Ta ce babu. Da zan fita na hango na'urar a cikin durowa, an naɗe ta da tsumma, an ɗora mata tsohon littafin rajista a kai. Na zagaya asibiti takwas, na sami "mun gode" takwas, na dawo gida ban san komai ba. Wannan shi ne aikin tambayoyin da kuke cewa mai sauƙi ne. Ba ƙarya ta yi min ba. Ni na kawo kayan, a ganinta ni ta ofis ce, kuma ba wanda zai kushe kaya a gaban mai shi alhali aikinsa na hannun ofis.

Ana cikin haka masu ba ƙungiyar tallafi suka turo wata mai bincike, Dakta Rifkatu, 'yar ƙabilar Mada, ba likitar allura ba, likitar karatu. Duk karatunta a kan abu ɗaya ne: yadda ɗan adam da na'ura ke zama tare a wurin aiki, da inda suke cutar juna. Tana buƙatar mai mota da ta san hanya kuma tana jin Fulatanci. Ni kuma ina buƙatar wanke sunana. Haka na zama 'yar koyo ina da jikoki biyu.

Kayan aikinta sun ba ni dariya da farko. Littafin makaranta mai layi, biro uku, agogon hannu, kwali da almakashi, da kujera 'yar tsugune da take yawo da ita a but ɗin mota. Na ce, "Dakta, ina kwamfutarki?" Ta ce tana gida, ba ta da abin gani a nan. Kujerar kuwa dalilinta shi ne kada kanka ya fi na mai aiki tsayi, domin wanda aka tsaya a kansa ba aikinsa na kullum yake yi ba, aikin a-gani yake yi. Kafin mu zauna sai ta nemi izinin nas da na iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa musu ba za a rubuta sunan kowa ba, wadda ta ƙi kuma a bar ta.

Ranar farko na ɓata mata aiki. Sista Naomi ta fito da na'urar don mu, tana neman inda za ta danna, yatsanta na yawo a kan fuska. Ni da na saba nuna wa masu saye, sai na miƙa hannu na ce, "Ga shi nan ƙasa, Sista." Da muka fito gindin mangwaro, Dakta ta juyo gare ni.

"Hajiya, kin san abin da kika sace min?"

"Ni? Sata?"

"Yini guda. Wannan neman da take yi shi na zo gani. Gobe in ba ki nan wa zai nuna mata? Ki zauna a kan hannuwanki in ba za su zauna da kansu ba."

Na girme ta da shekara tara, amma na haɗiye. Ta koya min kada in tambayi mutum ko abu ya yi masa kyau, sai dai in ce ya nuna min yadda ya yi shi jiya. In kalli hannu, ba baki ba. In ƙirga sau nawa aka danna, daƙiƙa nawa aka tsaya, a ina aka yi tsaki. In rubuta abin da na gani a shafin dama, abin da nake zato a shafin hagu, kada in taɓa haɗa su. Mako uku muka yi muna zama, gwiwoyina na ciwo, shagona na hannun ƙanwata.

Ranar rigakafi ta huɗu ce ta buɗe min ido. Layi ya fita har waje, mata sun fi hamsin, yara na kuka, masu tallar nono sun jera ƙwaryarsu a inuwa. A cikin ɗakin akwai sabon labule shuɗi da ƙungiyar ta kawo tare da na'urorin. Dokarsu ce: uwa ɗaya ke shiga bayan labule, ita da ɗanta da nas, don a tsare sirrin mutane. Ba na kushe tsare sirri, abu ne mai kyau. Amma ku ji abin da ya haifar.

Wata matashiya mai suna Dija ta shigo da yaro a goye. Ba ta da katin rigakafi, yana cikin gwangwanin takardun mijinta, shi kuma ya tafi da shanu kudu. Manhajar ba ta buɗe shafin yaro sai an cike gurbi uku: sunan yaro, sunan uba, ranar haihuwa.

"Sunan yaro?" in ji Sista.

Dija ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

"Sunan babansa fa?"

Ta ƙara sunkuyawa, tana 'yar dariya, tana kallon ƙasa.

"Yaushe kika haife shi?"

Nan ta sami baki. "Bayan ƙaramar Sallah, kafin ruwa ya zauna."

Agogona ya ce minti biyu da rabi sun tafi. Daga waje wata ta ɗaga murya ta ce nononta zai yi tsami a rana. Sista Naomi ta yi tsaki, ta rubuta "Bebi Dija", ta rubuta "Malam" a gurbin uba, ta danna ɗaya ga wata. Na'urar ta ce ba ta san wannan yaro ba, sabo ne, a yi masa allurar farko. Sista ta ɗaga fuskar yaron ta duba, ta jawo tsohon littafinta daga durowa, ta buɗe wani shafi ba tare da nema ba, ta zuƙo allura ta uku ta yi masa. Da ta zo rubutawa, na'urar ta ƙi karɓar ta uku tunda a wurinta ba a yi ta farko ba. Sai ta danna ta farko, ta ce, "Mai bi mata!"

Na ji kunya ta rufe ni, domin abin da na gani na san shi tun ina yarinya. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma kiran sunan mijinta. Kakata ta rasu ba ta taɓa furta sunan babana ba. Mu na cikin gari mun sassauta, amma a ruga da ƙauyuka da dama abin na nan daram. Tambayoyi biyu na farko da na'urar ke yi wa uwa su ne daidai biyun da tarbiyyarta ta hana ta amsawa.

Na bi Dija waje. Tana zaune kusa da wata ƙawarta. Na gaishe su da Fulatancina na kasuwa, suka yi min dariya, sannan na tambayi ƙawar sunan yaron. Nan take ta faɗa, ta faɗi na uban, ta ƙara da na kakan ban tambaya ba. Dija na gefe tana gyaɗa kai.

"To da can yaya kuke yi?" na ce.

"Da can bibbiyu muke shiga, Hajiya," in ji ƙawar. "Ni in faɗi nata, ita ta faɗi nawa. Yanzu sun sa labule sun ce ɗai-ɗai. Kamar masu shiga wurin alƙali."

Da aka tashi, Sista Naomi ta yarda ta nuna mana littafinta. Ba da sunan yaro take nema ba. Kowace ruga da unguwa na da shafinta, a ƙarƙashi sunan uwa, sai ta rubuta na fari ko na biyu ko na uku. Ga Dija nan: mai nono, rugar bayan rafi, na fari, allura ɗaya, allura biyu, yau ta uku. Muka duba cikin na'ura, yaron Dija ya zama yara uku. Ɗaya "Bebi Dija", ɗaya "Yaro", ɗaya "Ɗan Fulani". Kowannensu an yi masa allurar farko bai sake dawowa ba. A allon kwamfutar ofis a Abuja kenan ana ganin yara suna ɓace wa Sista Naomi bayan allura ɗaya. Ta buɗe jakarta ta miƙo min takardar tuhuma biyu da aka aiko mata a kan haka.

"Me ya sa ba ki gaya musu ba, Sista?"

"Na gaya wa wanda ya zo duba mu. Ya ce in riƙa wayar wa matan da kai. Hajiya, da mutum hamsin a layi zan tsaya in koya wa mace rashin kunya?"

Taron Abuja shi ne aikin da na fi tunawa. Ɗaki mai sanyi, ruwan roba a gaban kowa. Dakta ta shimfiɗa abin da muka gani dalla-dalla, da minti da daƙiƙa. Manajan ya saurara yana juya biro, sannan ya ce wannan matsalar al'ada ce, ba ta manhaja ba, sai a ware kwana ɗaya a wayar da kan matan karkara. Ya ƙara da cewa duk duniya da sunan yaro ake neman yaro.

Dakta ta hana ni magana a asibiti, amma ba ta hana ni a nan ba. Na juya ga wanda ya ƙera manhajar, Injiniya Kabiru, yaro mai ladabi, Bakano.

"Injiniya, ku nawa ne a ɗakinku?"

Ya yi mamaki. "Mu shida ne, Hajiya."

"Wane ne babba?"

"Ni ne."

"Mahaifiyarka da wane suna take kiranka?"

Can ya ce a hankali, "Ba ta kira. Sai dai ta ce 'wannan yaron', ko ta aiko ƙanina."

"To da ita za ta shiga bayan labulenka ita kaɗai da kai a goye, da yau allura nawa aka yi maka?"

Wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya daina. Injiniya Kabiru ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce fom ɗin daga wata manhajar ƙasar waje ya kwaikwayo shi, kuma ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba. Na yarda da shi. Wannan ne abin da ke ƙona min rai har yau. Ba baƙo ne ya yi mana ba. Ɗanmu ne, wanda ya tashi a cikin abin, amma da ya zauna gaban kwamfuta sai ya bar gidansu a bakin ƙofa. Ni ma da na girma da kaka irin wannan, sai da na yi mako uku a kan kujera 'yar tsugune kafin in gani.

Manajan ya kalle ni ya ce, "Hajiya, ke dai kaya kika kawo." Na ce haka ne, Oga, kuma kayana lafiyarsu ƙalau, ina so a rubuta.

Gyaran da kansa ba shi da yawa. Kafin Injiniya ya taɓa kwamfuta, Dakta ta sa muka yanka kwali girman fuskar na'urar, muka zana sabon fom da biro: unguwa ko ruga tukuna, sunan uwa, na nawa ne a haihuwa. Sunan yaro da na uba a cike in an samu, in ba a samu ba a wuce. Wurin ranar haihuwa kuma a iya zaɓar lokaci, kamar bayan Sallah, ko Kirsimeti, ko farkon damina, na'urar ta ƙiyasta. Muka kai wa nas-nas kwalin suna dannawa da yatsa, ni ina canja shafi kamar ni ce na'urar. Sau huɗu muka yaga muka sake. Sista Naomi ce ta gano mun manta da tagwaye, ita ce kuma ta ce kada a cire labulen, a dai bar uwa ta shigo da wadda take so. Duk abin da muka zana, littafinta ne muka kwafa.

Injiniya ya gama nasa cikin mako biyu. Sa hannun ofis ya ci wata bakwai.

Tun daga nan na yi wa ƙungiyoyi da kamfanoni da dama wannan aiki. Na zauna a ɗakin magani, na zauna a wurin awon ciki, na ga manhajar da ke tura wa mace saƙon ranar asibiti a wayar miji da ke can wani gari. Masu ba mu aiki iri biyu ne. Akwai wanda ke son sanin gaskiya tun kafin ya gina, shi kaɗan ne, in kun same shi ku riƙe. Akwai wanda ya riga ya gina, ya riga ya kira taron buɗewa, yana son ku sa hannu cewa mutane sun yaba. Wannan zai biya ku da wuri, kuma zai so ku cire shafin da ya fi muhimmanci. Karatunku zai yi muku amfani, ban raina shi ba. Da ba don na Dakta Rifkatu ba da har yau ina gwada batir. Amma in ba za ku iya zama awa biyar baki rufe kuna kallon mutum na fama da abin da kuka san maganinsa ba, ku nemi wata sana'ar.

Ga yadda shekarar ta ƙare. Ba a dawo min da na'ura ko ɗaya ba. A rahoton ƙarshe akwai layi guda da ya ce kayan dillaliya ba su da aibi, na sa an buga min shafin na ajiye. Odar gaba kuwa wani aka ba a Abuja, wanda ba ya magana a taro. Wannan ban yi kukansa ba, domin na fita da sana'ar da ta fi ta.

Sista Naomi ba ta kai wata bakwai ɗin ba. A wata na huɗu wa'adin aikinta ya cika, aka duba allon da bai riga ya gyaru ba, aka ga takardar tuhuma biyu a fayil ɗinta, aka ƙi sabuntawa. Dakta ta rubuta wasiƙa, ni na je da ƙafata sau biyu, aka ce an riga an ɗauki wata. Sabon fom ya iso asibitin bayan tafiyarta, a rahoto aka kira shi ƙaramin gyara, ba a ambaci daga littafin wa ya fito ba. Yanzu tana da teburin kayan masarufi a Garaku. Na same ta can na ce ta zo mu yi aiki tare, ba wanda ya fi ta ido. Ta auna wa wata gishiri, ta ƙulle leda, sannan ta ce, "Na gode, Hajiya. Ni allura na iya, ita nake so."

Asibiti takwas sun sami fom mai kyau, ni na sami sana'a, yankin kuma ya rasa nas ɗin da ta san kowane yaro da fuska. Ni 'yar kasuwa ce, na iya haɗa lissafi, amma wannan duk ta inda na juya shi bai taɓa fito min riba ba.